Na Je New York Na Wanke wa Yaya Kan Jirgi

Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna, a gidan biki, har a layin asibiti, sai wata ta ja mini gyale ta ce, "Binta, yaya Amurka?" Na gaji da cewa lafiya lau, su kuma ba su gaji da tambaya ba. To ga shi na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tare ni in miƙa mata. Amma in faɗa muku tun yanzu, ban je yawon buɗe ido ba. Inna ce ta aike ni.

Yayana Habu shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda a ga ta damu da shi ko da abin yana cinta. Ya daɗe ƙwarai a New York, yana gyaran na'urori a wani asibiti. Da can yakan leƙo gida jefi-jefi, amma tun da matarsa Rabi ta rasu ya ɗauke ƙafa ɗif. A waya ma sai gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, ya kashe. Idanun Inna kuwa sun fara tafiya, sai mutum ya matso dab take gane shi. Wata rana da la'asar tana tsintar wake da lalube ta ce mini, ko ɗagowa ba ta yi ba, "Auta, ki je ki dubo mutumin can. In ya ga dama ya zo ya ga gida." Duk wanda ya san Inna ya san kuka ne ta yi a wannan maganar. Abin da ya kai ni ke nan, in dawo mata da ɗanta tun tana iya ganin fuskarsa.

A dangi kuma ana ta ƙus-ƙus. Wani ɗan unguwarmu da ya je can ya dawo da labarin wai Yaya ya cika ɗaki guda da jirgin ƙasa na wasan yara, ya zauna yana kallonsa yana zagaye. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Rabi, balle a ce na 'ya'ya ne. Wasu suka ce kaɗaici ne, wasu suka ce a fara yi masa rubutu.

Daga Zariya na shiga mota zuwa Kaduna, daga nan na hau jirgin ƙasan Abuja, lokacin bai daɗe da fara aiki ba. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, a kwatas ɗin reluwe muka tashi, don haka da jirgin ya motsa sai da yarinta ta dawo mini. Na tuna Yaya yana yaro, yana jera gwangwanayen madara da waya yana ja a tsakar gida, ni kuma ina bin sa ina roƙo ya bar ni in zama fasinja. A ofishin biza wata Baturiya a bayan gilashi ta tambaye ni ko zan dawo. Na ce mata na bar tsohuwa, na bar shago, na bar akuya da tsohon ciki, wa zan bar wa? Ta yi murmushi ta karɓi fasfo.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa sai sanyi da ƙuncin kujera. Sallah a zaune na yi ta, alƙibla kuwa Allah ya san niyyata. Wani ƙato da ke gefena ya mayar da kafaɗata matashi, na ture shi, ya dawo, na sake turewa, daga baya na sa jakar hannu a tsakani muka zauna lafiya.

A filin jirgin New York ne aka fara yi mini ba daidai ba. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar na ci masa bashi, aka ce in koma gefe. Ma'aikacin ya sa safar hannu ya buɗe. Kuka ta wuce, busasshiyar kuɓewa ta wuce. Da ya kwance ledar daddawa sai ya ja da baya ya kalle ni ya kalli abokin aikinsa. Na ce masa kayan miya ne, kakanninmu sun ci ba abin da ya same su. Ya ɗaure da sauri ya mayar. Kilishin da Inna ta sa aka yi wa Yaya musamman shi ne bai tsira ba, wai nama ba ya shiga. Ina tsaye ina kallo ya jefa shi a kwandon shara. Wannan ya yi mini ciwo, don na san da wane ido ta zaɓi naman.

Da na fito ban gane Yaya nan take ba. Ya rame, kansa ya yi fari, ga wata ƙatuwar rigar sanyi da ta haɗiye shi. Na durƙusa zan gaishe shi, mutane suna ratsa mu da akwatuna.

"Auta, tashi, nan ba a yi," ya ce.

"Ni a gidanmu ana yi, Yaya."

Ya kama hannun akwatin ya yi gaba. A tasi ya tambayi kowa da kowa, har da akuyar, amma da na ce Inna tana gaishe shi sai ya ce yana amsawa, ya juya yana nuna mini wata gada.

Gidansa yana Bronx, a wani dogon titi da ake kira Grand Concourse, benaye ne jere kamar an yi su rana ɗaya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne lif. Ku shiga ku cika, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai ce wa wani ci kanka. Na yi sallama ranar farko, wata tsohuwa ta ƙanƙame jakarta. Karnuka kuwa har riga ake sa musu. Wanki sai an sauka can ƙasan bene an zuba a inji, ba inda za ki shanya ko ɗankwali. Ranar da na kunna turaren wuta don in kori warin rufaffen gida, wani abu a silin ya ɗauki ihu, na rasa inda zan sa kaina.

Ihun nan ne ya haɗa ni da Hajiya Memuna, maƙwabciyarsa, 'yar Zangon Kumasi, ƙawar marigayiya Rabi, don ita ma Rabi daga can take. Ta shigo da tawul tana fifita abin har ya yi shiru. Hausarsu ta Gana ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Kai ne ƙanin Habu? Sannu da zuwa. Ka ci abinci?"

Na duba bayana in ga ko da wani take. Kafin azahar ta aiko mini da shinkafa da wake irin nasu, ja-ja-ja, da baƙin yaji mai kifi wanda ya sa ni hawaye, amma sai da na suɗe kwanon.

Ɗakin da ake ta magana a kansa kuwa, Yaya da kansa ya buɗe mini, yana ɗan jin nauyi. Ba abin da ɗan unguwarmu ya faɗa ba ne, kuma shi ne. Tebur ne ya cinye ɗakin, a kansa an gina gari guda: tuddai, kogi, gada, benaye, tasha, da mutane waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa ba, har da mai jiran jirgi riƙe da jarida. Layin dogo ya bi gefen kogin ya zo ya shige wani rami a ƙarƙashin benayen. Kan jirgin, wato injin da ke jan taragai, bai kai tsawon tafin hannuna ba, amma ba abin da babu a jikinsa, har ɗan tsanin da direba ke takawa.

"Wannan irin hanya biyu yake ci," in ji Yaya. "A bayan gari da dizal yake tafiya. In ya doso tsakiyar birni dogo yakan nutse ƙarƙashin ƙasa, can kuma an hana hayaƙi. Sai direba ya kashe injin. Kin ga wannan ɗan ƙarfen a gefen ƙafa? Takalmi muke ce masa. Shi zai taɓa wani dogo na uku mai wuta, jirgi ya ci gaba da lantarki."

Ya danna wani abu a hannunsa. Jirgin ya yi gurnani ya tashi, ya ja taragansa ya bi kogi, yana isowa bakin ramin sai gurnanin ya ɗauke, ya sulale ciki shiru. Na ce to ta ina ake zuba masa dizal ɗin, ko da cokalin shayi? Yaya ya yi dariya, karo na farko tun zuwana.

"Na nan duk lantarki ne, Auta. Ƙarar ce kawai aka sa masa."

Na ga yadda fuskarsa ta saki, sai na ce bari in shigar da saƙo. Na ce Inna ta ce in ya ga dama ya zo ya ga gida. Ya ce in sha Allah, aiki ne ya yi yawa, ya sunkuya yana gyara wata bishiya da ba abin da ya same ta. Na san wannan in sha Allahun, irin wanda ake sallamar mai talla da shi ne.

A kan wata kanta a gefe na hangi wani kan jirgin, irin wancan sak, an kife shi da akwatin gilashi. Sai dai shi ya yi kaca-kaca. Rufinsa baƙi ƙirin da hayaƙi, tsatsa ta zubo ta gefe, ƙafafun duk laka. Na sa shi a raina. Kowa ya san halina, ba na iya zama a gida in ga datti, balle gidan ɗan'uwana da ba mace. A wurinmu ƙanwa ba ta zuwa gidan yayanta ta miƙe ƙafa, kuma ba ta neman izini kafin ta ɗauki tsintsiya.

Ranar Asabar Yaya yakan je wata ƙungiya tasu ta masu wannan sha'awar, galibi tsofaffin Turawa da suka yi ritaya, suna haɗuwa a ƙasan wani gini kowa da jirginsa. Ya ce in zo mu je in gani. Na ce me zan yi a cikin maza masu furfura suna wasa, ya je kawai. Da na bi shi da na ga abin da zai hana ni abin da na yi, amma ban bi shi ba.

Yana fita na ɗaura zani. Na wanke kicin, na sauke labule, na goge tagogi. Sannan na shiga ɗakin jirgi. Teburin ban taɓa ba, na ga abin ya fi ƙarfina. Na ɗaga gilashin nan dai na ce wannan da aka killace lallai shi ya fi daraja, kuma dubi yadda aka bar shi. Na samo tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu da auduga, na zauna a bakin taga inda haske yake. Dattin bai ma yi gardama ba, ina shafawa yana fita. Na bi lungu-lungu da tsinke, har ƙarƙashin tsanin. Da na gama sai ga shi shuɗi da ruwan azurfa yana ƙyalli. Na mayar na kife, na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka da daddawar da ta tsallake iyaka, na zauna ina jiran yabo.

Ya dawo ya yi magariba ya shiga ɗakin. Ya daɗe a ciki, ban kuma ji gurnanin jirgi ba. Da ya fito ya wanke hannu ya zauna ya ci tuwonsa.

"Yaya, ka ga na wanke maka na cikin gilashin?"

"Na gani. Sannu da aiki."

Washegari ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, bai sake buɗewa ba. Yana gaishe ni, yana cin abin da na dafa, yana tambaya ko ina bukatar wani abu, amma kamar da baƙuwar da aka haɗa su a mota yake magana. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Da abin ya ishe ni na ƙwanƙwasa wa Hajiya Memuna na ba ta labari. Tana yanka albasa, sai ta ajiye wuƙar.

"Na cikin gilas? Kai ka wanke shi? Da sabulu?"

Na ce e.

Ta zauna. Ta ce ba datti ba ne, zane ne. Masu wannan abin ba sa son jirgi ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, so suke ya yi kama da na gaske wanda ya sha hanya, don haka da gangan ake zana masa hayaƙi da tsatsa da wata hoda mai launi. Rabi mai lalle ce, duk amaren Bronx ita ke yi musu, hannunta ba ya rawa. Da fari tsiya take yi wa Yaya, tana cewa jiragensa sun fi kwanukanta tsabta, jirgin gaske ba haka yake ba. Daga tsiya ta karɓi buroshi, ya zama ita ce mai yi masa. Wancan na cikin gilashi shi ne na ƙarshe. Tana kwance ta yi shi, a kan faranti bisa cinyarta, yau kaɗan gobe kaɗan. Akwai wani ruwa da ake fesawa a ƙarshe ya kama hodar, amma in an fesa launin yakan dushe sai mai zanen ta sake bi. Ba ta kai ga wannan ba, shi kuma ya ƙi fesawa don kada ya canza abin da ta bari.

Na yi kuka a kujerar matar nan kamar ranar aka yi rasuwar. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini irin na ranar ba, ga kuma tsoro. An aiko ni in jawo shi gida, ni kuma na zo na goge abu ɗaya da ya rage masa. Da wane baki zan sake ce masa Inna tana kira?

"Kar ka je ka yi masa kuka," in ji Hajiya Memuna. "Ba ya so. Ka faɗa masa ka sani, shi ke nan."

Da safe bayan ya karya na durƙusa a gefensa na ce, "Yaya, na ji abin da na yi." Ya ajiye kofin shayi. Sannan ya ce in ɗauko rigar sanyina.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Harlem, muka fito a titi na 125. Nan kam sai ka ce Sabon Gari: masu turare, masu man kaɗanya, masu hula da carbi. Wani Bazabarme ya gaishe da Yaya da Hausa rabi Faransanci rabi, ya ce wa ni "madam", ya cusa mini kwalbar turare wai ta baƙunta. Yaya bai tsaya hira ba. Ya ja ni muka hau wata tasha da ke sama, a kan gada, inda jiragen bayan gari ke tsayawa kafin su shiga birni. Iska tana kaɗawa sosai a wurin. Muka bar jirage suka wuce, har wani ya taho da gurnanin da na sani.

Shi ne, babban wancan da na wanke. Shuɗi da ruwan azurfa, amma rufin baƙi, tsatsa ta zubo daga ƙarƙashin kusoshi ta bi hanyar ruwan sama, ƙafafun sun yi butu-butu. Har takalmin na gani a gefe. Duk abin da na kankare da buroshin haƙori ga shi nan a gabana, wuri da wuri.

"A nan Rabi take tsayawa," Yaya ya ce, yana nuna gindin wani ginshiƙi. "Ta ce tsatsa ba ta zuba yadda ta ga dama, tana da hanya. Sai ta sa ni mu jira na gaba don ta sake dubawa, ni ina jin sanyi."

Jirgin ya ja ya tafi wajen birni. Muka bi shi da kallo.

"Da akwai shatin yatsanta a rufin na cikin gilashin," ya ce. "Wurin da ta riƙe. Ta ce za ta gyara."

Na sunkuyar da kai.

"Tun da ta tafi ban kwana a wani wuri ba, Auta. Sau nawa ina niyyar tafiya gida, sai in ce in bututu ya fashe fa, in gobara ta tashi, in mai gida ya turo masu gyara suka ture shi. Na san in aka ji za a yi dariya. Ina ta gadi kada wani baƙo ya taɓa, ashe ƙanwata ce za ta taso tun daga Zariya."

Na ce ko mutanensa na Asabar za su iya mayar da shi yadda yake, tunda akwai hotuna. Ya ce za su iya, har ya fi na da kyau, amma ba nata ba ne, a bar shi haka. Na riga na yanke a raina ba zan sake tayar da maganar gida ba, ba ni da wannan fuskar. Shi ne da kansa, muna saukowa daga matakala, ya tsaya.

"Idon Inna, da gaske ne ko don in zo ake faɗa?"

Na matso har numfashina yana taɓa rigarsa. Na ce, "Sai ka zo nan take gane ka. Bara daga bakin ƙofa take ganewa."

Ya saya mini gasasshiyar masara a hanya, ba ta da daɗi, na cinye.

Sauran kwanakina na yi su a hankali, ko cokali zan ɗauka sai na tambaya. Ya kai ni na ga manyan benaye da kogi, na yi hotunan da kuke ta nema. Ƙofar ɗakin jirgi ta koma buɗewa, amma ban sake taka ciki ba, shi ma bai ce in shiga ba.

A filin jirgi ranar komowa, da muka zo inda masu rakiya ke tsayawa, na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya dubi allon jirage, ya dube ni.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki ce wa Inna a gyara mini ɗakin soro, zan zo kafin azumi." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "A sa wani ya gyara. Ba ke ba."

Ya zo kuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa ya durƙusa a gaban Inna, ta ce ya matso, ya matso, ta ce ya ƙara. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta kawo ta dab da tata, ta daɗe tana dubawa, a gaban kowa, ita da ba ta taɓa yarda a ga ta kalle shi ba. Sannan ta ce, "Ka tsufa," ta sake shi ta ce a kawo masa ruwa.

Ni kuwa har yau bai ce ya yafe ba, ban kuma sake tambaya ba.